Miji da Mata a Gaban Ciwon Daji

Karatu: Ayuba 2:7-13, 19:13-19, Afisawa 5:28-29

  Zancenmu na yau na cikin gida ne, kuma yana da nauyi. Za mu yi magana a kan miji da mata masu bi waɗanda likita ya gaya wa ɗayansu cewa yana da ciwon daji, wato sankara, wanda a asibiti ake ce da shi kansa. In akwai mai wannan ciwo a gidanku, kada ku rage murya don kada ya ji. Ku kira shi ya zauna kusa, ku kira mai jinyarsa kuma.

Sashen Hukumar Lafiya ta Duniya mai lissafin wannan ciwo ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 127,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. A wajen mata na mama ne kan gaba, sai na bakin mahaifa. A wajen maza, wanda ya fi yawa shi ne na wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci ke kira prostet. Amma lissafin nan na majinyata ne kaɗai. Bai ƙirga wanda ke kwana a tabarma a gindin gadon asibiti ba, wanda ke bin layin biyan kuɗi, yana wanke kwanon amai, yana amsa wayar dangi. Sau da yawa wannan mutum miji ne ko mata. Ciwon yana jikin mutum ɗaya, amma aure dukansa ne ke kwance.

Matar da ta zauna

Bari mu fara da wata mace da masu wa'azi suka daɗe suna yanke wa hukunci. Matar Ayuba ta yi magana sau ɗaya tak cikin dukan littafin, a sura 2 aya 9, kuma maganar ba ta da daɗin ji. Ta ga mijinta cikin toka, gyambo ya cinye jikinsa duka, sai ta ba shi shawara ya saki Allah, mutuwa ta zo ta hutar da shi. Mun saba cewa Shaiɗan ne ya ari bakinta. To, amma ku koma sura 1. 'Ya'yan nan goma da gida ya rushe a kansu rana ɗaya, wa ta haife su? Dabbobin da aka kwashe, ba da su ake ciyar da ita ba? Duk abin da Ayuba ya rasa ita ma ta rasa, ga kuma kallon mijinta yana ruɓewa da ransa. Abokansa uku sun zo daga nesa domin su yi wa Ayuba ta'aziyya. Ba a rubuta cewa wani ya zo dominta ba.

Akwai wata aya da ba a cika lura da ita ba. A sura 19 aya 17 Ayuba yana kuka cewa warin numfashinsa ya gundure matarsa. Ku yi tunani a kan wannan. Wanda ya gudu ba ya jin wari. Bayinsa sun daina amsa kiransa, dangi sun janye, amma ita tana kusa, kusa ƙwarai har tana shaƙar abin da ke fitowa daga bakinsa.

Ku duba kuma yadda Ayuba ya amsa mata. Bai kore ta ba, bai aika a kira iyayenta ba. Ya ce maganarta ta yi kama da ta marasa hankali, ma'ana ya san ba halinta ba ke nan. Tambayar da ya yi mata bayan haka, da "mu" ya yi ta: su biyu suka karɓi alheri daga hannun Allah, su biyu ne kuma wahala ta samu. A ƙarshen littafin, sura 42 aya 7, Ubangiji ya husata da abokan nan masu dogon bayani a kan dalilin ciwon. Ba a rubuta cewa ya tsauta wa matar ba. Ban ce shawararta daidai ce ba. Abin da nake cewa shi ne, mai jinya yakan gaji har ya furta abin da bai kamata ba, Allah kuwa ya san bambancin gajiya da tayarwa. In matarka ta ce maka cikin dare, "Baban yara, ni kam na gaji da addu'ar nan," kada ka ɗauka ta bar bangaskiya. Wata uku ke nan ba ta yi barcin kirki ba.

Abin da ke jiranku a asibiti

Tsoro yakan ragu in an san abin da ke gaba, saboda haka bari in bayyana hanyar. Ba a tabbatar da ciwon daji da kallo ko da taɓawa. Sai an ɗebi ɗan nama daga wurin an kai ɗakin gwaji. Mutanenmu da yawa suna gudun wannan, suna cewa in ƙarfe ya taɓa ƙullutun zai bazu. Ba haka ba ne. Jinkiri ne ke ba shi zarafin bazuwa, kuma babban abin da ke kashe mutane a ƙasarmu shi ne zuwa asibiti bayan ciwon ya yi nisa. A Jos ana ganin masu wannan ciwo a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, da asibitin Jankwano, da waɗansu asibitocin.

Magani iri uku ne aka fi sani. Akwai aiki, wato tiyata, a cire abin. Akwai kemo, maganin da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, sau da yawa bayan kowane mako uku, har sau shida ko takwas. Kafin kowane zagaye sai an gwada jini, in ya yi ƙasa a ɗaga ranar. Kemo yana bin ƙwayoyin jiki masu saurin girma, shi ya sa ba ciwon kaɗai yake taɓawa ba: gashi yakan zube bayan mako biyu ko uku, baki ya yi miki, abinci ya daina daɗi, gwate da aka dafa da ƙauna ya koma kamar magani. Gashin zai sake tsirowa in an gama. Abin da ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi. Kwana bakwai zuwa goma sha huɗu bayan kemo garkuwar jiki tana ƙasa ƙwarai, in zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, a tafi asibiti a daren nan, kada a jira gari ya waye. Mai jinya ne zai riƙe wannan a kansa, gama majinyaci zai ce a bari zuwa gobe.

Na uku shi ne gashi da na'ura. Ana yinsa daga Litinin zuwa Jumma'a, makonni a jere, 'yan mintoci kowace rana. Shekaru da yawa mutanen Filato masu bukatarsa suna bin hanyar Saminaka zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko hanyar Akwanga da Keffi zuwa Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta sa JUTH cikin asibitoci shida da aka tsara yi wa cibiyar maganin wannan ciwo. Likitanku ne zai gaya muku inda za ku. In tafiyar ta kama, ma'anarta a bar gona da yara wata ɗaya ko fiye, a nemi wurin kwana a garin da ba a san kowa ba. Ciwon daji ba ya kama wani ta wurin cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a gado ɗaya, wanda aka gasa da na'ura daga waje kuma ba ya ɗauko wani abu da zai cuci yara. Kada a ware masa kofi da cokali.

Wa ya jawo wannan?

Kafin a gama zagaye na fari, tambayar nan za ta shigo gida. In ba ta fito daga zuciyarku ba, baƙi za su kawo ta. Wani zai ce jifa ne daga kishiyar uwa. Wani zai ce rigimar gonar nan ce ta bara. Wata za ta ce akwai zunubin da ba a furta ba. Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan tambaya a Yohanna sura 9, sa'ad da suka ga mutumin da aka haifa makaho, suna so su san ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya ƙi duka biyun, ya juya hankalinsu ga abin da Allah zai yi a cikin mutumin. Haɗarin wannan tambaya ga ma'aurata shi ne, neman mai laifi yakan ƙare a kan wanda ya fi kusa. Dangin miji su zargi matar, dangin mata su zargi mijin, mutum biyu da ya kamata su haɗa kai su koma kallon juna da gefen ido.

Ayuba bai taɓa jin abin da aka tattauna a kansa a sura 1 da 2 ba. Mu masu karatu mun sani, shi kuwa har ƙarshe ba a gaya masa ba. Abin da ya samu shi ne Allah da kansa ya zo ya yi magana da shi. Ina ganin yawancin ma'auratan da suka bi ta wannan hanya abin da suke samu ke nan. Dalilin ba ya zuwa, amma sukan tarar ba su kaɗai ba ne a ɗakin.

Sai batun magani da addu'a. Sarki Hezekiya ya kwanta ciwon ajali, ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Ku karanta 2 Sarakuna 20 har aya 7. Annabi Ishaya, wanda ya kawo saƙon warkarwar, shi ne kuma ya ce a shafa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Masu kawo labarin Sarki Asa, cewa ya nemi masu magani ya mutu, su karanta 2 Tarihi 16:12 da kyau: laifinsa shi ne bai nemi Ubangiji ba. Waɗanda suka kawo mana bishara a wannan ƙasa ba su raba biyun nan ba. Mishan na SUM sun buɗe asibitin Vom a 1922, SIM kuma suka buɗe Jankwano a 1959, wanda yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Duk wanda ya ce muku ku bar kemo a tsakiya domin ku nuna bangaskiya, ko ya sa majinyaci azumin kwana bakwai a kan dutse cikin sanyin Disamba, ba zai kasance a wurin ba ranar da ciwon ya dawo da ƙarfi. In ana so a yi azumi, masu lafiya su yi. Majinyaci ya ci abinci. Haka nan masu sayar da saiwa da lasifika a tashar mota, ku tuna da matar nan ta Markus sura 5 da ta kashe dukan abin da take da shi shekara goma sha biyu. Duk abin da kuka ba majinyaci ya sha, ku gaya wa likita.

Ɓoyewa

A ganina babu abin da ke cin aure a wannan lokaci kamar ɓoyewa, kuma da ƙauna ake farawa. Likita ya kira miji gefe ya gaya masa, miji ya ce kada a gaya wa matar, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ita kuwa ta riga ta gani a fuskarsa, ta kuma ga irin mutanen da ke layi ɗaya da ita. Sai ta yi kamar ba ta sani ba domin kada hankalinsa ya tashi. Shi yana kuka a bayan gida, ita tana kuka a ƙarƙashin bargo, su haɗu a falo suna ce wa juna da sauƙi. Kowannensu yana ɗauke da kayan shi kaɗai, alhali da sun haɗa hannu da ya fi sauƙin ɗauka. Addu'arsu tare ma ta mutu, gama ba za a iya roƙon Allah a kan abin da aka ƙi kiran sunansa ba.

Mutanen Jos sun ga wata hanya dabam. Babban Bishop Benjamin Kwashi na ɗarikar Anglikan, wanda ya yi bishop na Jos daga 1992 zuwa 2023, an gano yana da ciwon dajin hanji a shekarar 2020. Ba a ce wa jama'a Baba yana hutawa ba. An faɗi sunan ciwon a fili, aka roƙi addu'ar masu bi a ko'ina, shi kuma ya shiga magani na watanni da yawa, har da kemo. Waɗanda suka san gidan suna tuna cewa a 2006 mahara sun shiga gidansu yana ƙasar waje, suka yi wa matarsa, Mama Gloria, dukan da ya raba ta da ganinta na wani lokaci. A wancan karo ita ce a gadon asibiti, a wannan karo shi ne, ga kuma marayu da yawa da suke riƙo a gida. Ba kowa ne zai sanar wa duniya ba, kuma ba dole ba ne. Kuna da iko ku zaɓi wanda za ku gaya wa. Amma tsakanin miji da mata kada a sa labule. Ku shiga wurin likita tare. In Turancinsa ya yi muku sauri, ku ce a maimaita da Hausa, ɗaya yana tambaya ɗaya yana rubutawa.

Zancen ɗaki

Yanzu zan taɓa abin da ba a faɗa a kan bagade. Mace da aka cire wa mama takan ji kamar an rage ta. Takan juya baya in za ta sa riga, takan kashe fitila da wuri. Abin da take jira shi ne ta ga fuskar mijinta ranar da ya fara ganin tabon. Maigida, wannan rana taka ce. Afisawa 5:28-29 ta ce ka ƙaunaci matarka kamar jikinka, ta kuma tuna maka cewa mutum yakan ciyar da jikinsa ya yi tattalinsa. In ƙafarka ce aka yi wa aiki, ba za ka aika ta gidan iyayenta ta warke tukuna ba. A waɗansu garuruwanmu in mace ta kwanta dogon ciwo sai a ce ta koma gida a yi mata magani, daga nan dangi su fara raɗa wa mijin cewa gida ba ya zama babu mace. Alkawarin da ka yi a gaban fasto da shaidu ya haɗa da wannan ranar. Koyi wanke mikin. Ɗebo ruwan da kanka, ko maƙwabta za su yi dariya. In akwai wari, ka gaya wa ma'aikatan asibiti, suna da maganin da ke rage shi.

In maigida ne ke kwance, wahalar takan ɗauki wata kama. Mutumin da ya saba fita gonar dankali da asuba yanzu matarsa ce ke riƙe shi zuwa makewayi. Maganin prostet yakan rage ƙarfin namiji, wani lokaci ya ɗauke sha'awa gaba ɗaya. Kunyar wannan takan fito kamar faɗa: abinci ya yi gishiri, yara sun cika surutu. Uwargida, kada ki ƙwace masa kowace shawara don yana kwance. Ki tambaye shi a kan kuɗin makaranta da ranar shuka kamar dā. Kai kuma maigida, karɓar taimako ba faɗuwa ba ce. Ubangijinmu da kansa ya bari Saminu Bakurane ya ɗauki gicciyensa.

Game da kwanciyar aure, 1 Korantiyawa 7:5 ta ba ma'aurata dama su dakata na ɗan lokaci bisa yardar juna. Ku lura da yardar junan. Ana tattaunawa ne, ba a yin shiru kowa ya juya wa bango. Ku tambayi likita lokacin da ya dace, ku kuma sani ba a son ɗaukar ciki ana cikin kemo. Ciwon bakin mahaifa yana da nasa tarko, gama ƙwayar cutar da ke jawo shi ta wurin saduwa ake ɗaukarta. Amma ƙwaya ce da yawancin manya ke gamuwa da ita, tana iya zama a jiki shekara goma ko ashirin shiru. Ba shaida ba ce a kan kowa, kada a mai da ɗakin jinya kotu. Tun watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata rigakafinta kyauta a Nijeriya, ya iso Filato a 2024. Ku kai 'ya'yanku mata.

Kuɗi ma zancen ɗaki ne. Akuya za ta tafi, adashi zai tafi, wataƙila a kai ga zancen fili. Majinyaci yakan ce a bar shi haka, kada a sayar da gadon yara saboda shi, mai jinya kuma ya ci bashi a ɓoye. Ku zauna ku lissafa tare, ku tambayi likita kuɗin dukan zagayen tun farko, gama fara kemo a tsaya a na uku hasara biyu ce. A 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun taimakon marasa hali masu ciwon dajin mama, bakin mahaifa da prostet a waɗansu asibitoci, har da na Shika da na Abuja. Ku tambayi ofishin jin daɗin majinyata.

Addu'a a daren da babu barci

Wace irin addu'a ake yi a irin wannan dare? Zabura 88 addu'a ce ta mutumin da ya kusa kabari. Daga farko har ƙarshe babu inda ta juya zuwa murna, a cikin duhu ta ƙare, duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta cikin Littafin. A Getsamani Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, sau uku, kafin ya miƙa kansa. Saboda haka kuna da izini ku gaya wa Allah cewa kuna tsoro, kuna fushi, ba ku gane ba. Likita yana magana da Turanci, a majami'a muna waƙa da Hausa, amma azaba da harshen uwa take fita. Ku yi addu'ar da shi. Ku kira shi Dagwi in ku Berom ne, Nen in ku Ngas ne, Naan in ku Mwaghavul ne, Inan in ku Tarok ne. In kalmomi sun ƙare gaba ɗaya, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu a inda bakinmu ya kāsa. Riƙe hannun juna shiru ma addu'a ce. Sau da yawa bangaskiyar mutum biyun ba ta tashi rana ɗaya. Yau mai jinya ne ke karanta Zabura, gobe majinyacin ne ke ta da waƙa daga kan gado yana ƙarfafa mai lafiya.

Wani malamin Ingila, C. S. Lewis, wanda ya rubuta littattafai da yawa na kāre bangaskiyar Kirista, an ɗaura aurensa na ikkilisiya da Joy Davidman a gefen gadon asibiti a Oksfod a watan Maris na 1957, ciwon daji ya riga ya shiga ƙashinta, likitoci ba su sa rai ba. Faston da ya ɗaura auren ya ɗora mata hannu ya yi addu'a. Ta tashi ta yi tafiya, har suka je ƙasar Girka tare. Ciwon ya dawo, ta mutu a Yuli na 1960. Lewis ya rubuta baƙin cikinsa da faɗan da ya yi da Allah a wani ɗan littafi, ya fitar da shi da wani suna dabam. Bai bar bangaskiya ba. To, addu'ar 1957 an amsa ta ko ba a amsa ba? Shekara uku suka samu. Hezekiya ya samu goma sha biyar. Li'azaru ma da aka tayar daga kabari ya sake mutuwa.

Waɗansu za su warke sarai, musamman waɗanda suka zo da wuri, su ga jikoki. Waɗansu kuwa likita zai ce maganin ya kai iyakarsa. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya bar Tarofimas da ciwo a Militas, shi kansa kuma ya roƙa sau uku a kan ƙayarsa ba a cire ba. In wannan rana ta zo, aiki bai ƙare ba. Cicely Saunders, wata likita mai bi da ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967, ta koyar cewa azabar irin wannan majinyaci ta haɗa jiki, da tunani, da damuwar iyali, da ruhu, kuma kowanne yana bukatar kulawa. Akwai magani mai ƙarfi na kashe zafi, irin su mofin na sha. Karɓarsa bisa umarnin likita ba zunubi ba ne, ku roƙa. Saƙon fari da Ishaya ya kai wa Hezekiya shi ne ya shirya gidansa. Maigida, ka rubuta abin da ka mallaka da wanda ka bar wa, a gaban fasto da dattawan dangi, tun kana da ƙarfin magana. Mun ga gwauraye da aka fitar daga gidan da suka yi shekara biyu suna jinya a cikinsa.

Kalma ɗaya ga ikkilisiya. Yakubu 5:14 ta ce mara lafiya ya kira dattawa su yi masa addu'a su shafa masa mai. Dattawa, ku je, ku kai Jibin Ubangiji in ba ya iya zuwa sujada. Amma kada mutum ashirin su cika ɗakin wanda ya sha kemo shekaranjiya, mai tari kuma ya gaishe shi daga waje. Matasa, ana yawan bukatar ƙarin jini, ku je Lamingo ku bayar. Zumuntar Mata, kun iya kai abinci da itace, Allah ya sāka. Ku ƙara abu ɗaya: wata ta karɓi jinyar yini guda domin matar gidan ta kwanta ta yi barci. Maza kuma ku yi gayya ku nome gonar. In kun shiga gaisuwa, bayan kun tambayi mai jiki, ku juya ga wanda ke tsaye a bakin ƙofa da bokiti a hannu, ku tambaye shi ko ya ci abinci yau.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba yadda ake gaya wa yara.